Zangon Masu Gida a Kan Taya: Yadda Baƙo da Karensa Ke Samun Wurin Zama a Hamadar Amurka

A can kudu maso yammacin ƙasar Amurka, cikin hamadar jihar Arizona, akwai wani ɗan gari da ake kira Quartzsite, wanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutum 2,413 ne kacal mazaunansa na dindindin. Garin yana mararrabar manyan hanyoyi biyu ne, wato hanya mai lamba 10 wadda ta bi ta Phoenix ta nufi Los Angeles, da kuma mai lamba 95 wadda ta gangara kudu zuwa Yuma, dab da iyakar Meziko. Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da zafi kan haura digiri 43, in ka ratsa garin sai ka rantse kufai ne. To amma da zarar Nuwamba ya kama, sai motoci su fara kwararowa daga arewa, kafin Janairu ya raba tsakiya dajin da ke kewaye da garin ya cika maƙil da dubun-dubatar motoci, kowace da mutanenta a ciki, nan suke girki, nan suke wanka, nan suke kwana.

Irin wannan mota su Amurkawa RV suke ce mata, mu kuwa bari mu kira ta motar-gida, domin gida ce sukutum aka ɗora a kan taya. Akwai gado a ciki, da murhun gas, da firji, da makewayi, da tankin ruwa. Wata girmanta ya kai bas ɗin safa, wata tirela ce da ake ja da a-kori-kura, wata kuma 'yar ƙaramar motar kaya ce mai ita ya cire kujeru ya kafa gado. Ƙungiyar masu ƙera su ta ce a shekarar 2021 gidaje sama da miliyan 11 ne a Amurka suka mallaki irinta, kuma a wannan shekarar kaɗai an fitar da sabbi fiye da 600,000 daga masana'antu, mafi yawansu daga yankin Elkhart na jihar Indiana.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari ga masu karatunmu na kasuwannin kan iyaka shi ne, babu wanda ya kai ɗan kasuwa sanin wahalar sauka a sabon wuri. Wanda ya taɓa kama rumfa a kasuwar da ba a san shi ba, a Jibiya ne ko Ƙonni ko Maigatari ko Malanbil, ya san cewa biyan kuɗin rumfa daban, samun karɓuwa wurin na hagu da na dama kuma daban. Waɗannan mutane na Amurka suna fuskantar wannan jarrabawa ne sau da yawa a shekara, kuma da dama daga cikinsu da kare suke tafe, abin da ke ƙara dagula lissafi.

Su wane ne ke sauka a nan?

Kashi na farko tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, masu gudun sanyin jihohin arewa da na ƙasar Kanada. Ana yi musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, saboda suna yin ƙaura ne kamar tsuntsu. Mu da muka san cin rani, sai mu ce waɗannan 'yan cin sanyi ne. Kashi na biyu 'yan kasuwa ne, domin garin ya yi suna wajen cinikin duwatsu masu daraja, kuma tun shekarar 1967 ake gudanar da babbar kasuwar duwatsu da suke kira Pow Wow a cikin hunturu. Bayan ita akwai kasuwar Tyson Wells da wasu da dama, inda ake sayar da komai, tun daga tsakiya da tsofaffin kayan aiki har zuwa faifan sola. Mai kaya yakan kafa rumfarsa a gaba, motar da yake kwana tana bayanta.

Kashi na uku su ne waɗanda ba a cika nunawa a hotunan talla ba. Mutane ne da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, ko suka rasa gidajensu a rikicin bashin gidaje na 2008, ko kuɗin fanshonsu ba ya kai su ƙarshen wata. Wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta bi irin waɗannan mutane ta rubuta littafi a kansu a 2017 mai suna Nomadland, aka kuma mayar da shi fim wanda ya ci babbar lambar Oscar a 2021. Ga mai wannan hali, in aka kore shi daga zango ba hutu ne ya lalace ba, wurin kwana ne ya rasa. Shi ya sa maganar yadda ake sauka da yadda ake zama da maƙwabci ba ƙaramar magana ba ce a wurinsu.

Wani abin mamaki ga wanda ya fito daga ƙasashenmu shi ne hoton raƙumi da ke jikin allon shiga garin. Dalili kuwa, a 1856 sojan Amurka ya sayo raƙuma daga Gabas ta Tsakiya don gwada jigilar kaya a hamada, aka zo da masu kora su, cikinsu har da wani mai suna Haji Ali, wanda bakin Amurkawa ya mayar da sunansa Hi Jolly. Gwajin ya watse bayan ɓarkewar yaƙin basasarsu a 1861, shi kuwa ya zauna a yankin har ya rasu a Quartzsite a 1902. A 1935 aka gina wa kabarinsa 'yar dala ta duwatsu, aka ɗora raƙumin ƙarfe a kai. Wato dai tun asali garin na matafiya ne.

Zango iri biyu

Akwai zangon 'yan kasuwa masu zaman kansu, inda aka yanka fili layi-layi kamar rumfunan kasuwa, kowane gurbi da lambarsa, da wurin jona wuta, da famfo, da bakin bututun ƙazanta. Ana biya ne ta kwana ko ta mako ko ta wata. A irin wannan wuri tsakanin motarka da ta maƙwabcinka ba ya wuce taku kaɗan, in ya yi tari kana ji. Wasu daga cikin masu irin wannan zango ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10 da ƙerawa, sai in sun ga hotonta sun gamsu. Su suna cewa don tsafta da kare haɗari ne, amma a ganinmu wannan hanya ce ta tankaɗe talaka ba tare da an kira sunansa ba.

Na biyu shi ne filin gwamnatin tarayya, wanda hukumar kula da filaye ta BLM ke riƙe da shi. A kudancin garin akwai wani makeken fili mai suna La Posa, eka 11,400, wanda aka keɓe tun 1983 domin masu dogon zama. Lokacinsa daga 15 ga Satumba ne zuwa 15 ga Afrilu. An shafe shekaru ana biyan dala 180 na dukan wata bakwai ɗin, wato jaka 100 da 'yan kai a kuɗin sefa, kafin a 2024 hukumar ta fito da shawarar ƙara kuɗin sosai, lamarin da ya tayar da hankalin masu ƙaramin ƙarfi. A nan babu wutar lantarki, sai sola ko janareta. Abin da kuɗinka ya saya maka shi ne wurin ɗibar ruwa, da wurin zubar da ƙazantar tanki, da bola. Akwai kuma wasu filayen na kyauta, amma kwana 14 kawai aka yarda mutum ya yi, daga nan sai ya tashi ya yi nisa.

Sa'a ta farko

Masu wannan rayuwa sun yi ittifaƙi a kan cewa da rana ake sauka. Wanda ya iso cikin dare, ya haske tagogin mutane da fitilarsa, ya yi ta ribas yana ihu da matarsa, to ya riga ya ɓata sunansa tun kafin gari ya waye. Direbobinmu na manyan motoci sun san ribas da tirela ba wasa ba ne, balle a ce tsoho ne ɗan shekara 70 wanda ya yi rayuwarsa a ofis, ga kuma mutane zaune a kujerunsu sun zuba masa ido. Saboda haka ne gurbin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba ya fi tsada a wurare da yawa.

Kafin a shiga gurbi, mai hankali yakan sauko ya zaga da ƙafa. Yana duba reshen itace a sama, da inda wurin jona wuta yake, da ko ɓangaren ɗakin da ke turowa waje zai sami sarari, domin yawancin manyan motocin suna da bango mai fitowa in an tsaya. In a filin gwamnati ne, sai ya duba kada ya sauka cikin busasshiyar ƙorama, don ruwan sama kan sauka a kan duwatsu can nesa, ya taho da ƙarfi ba sallama. Dokar wurin ta ce a bar aƙalla ƙafa 15 tsakanin mota da mota, to amma wannan a takarda ne. A al'adance wanda ya bar fili fetal ya zo ya manne wa wani, kallon marar tarbiyya ake yi masa, tunda mutane sun shigo daji ne don su sami sarari.

Da an tsaya sai a sa waigi a taya, sannan a daidaita motar da katako ko jak har ta zauna daram. Ba don jin daɗin barci kawai ake wannan ba. Firjin da ke aiki da gas yana lalacewa in ya daɗe yana aiki a karkace, kuma sayen wani kuɗi ne mai yawa. Daga nan sai wuta, wadda ke zuwa iri biyu, mai ƙarfin 30 da mai ƙarfin 50, kuma gogaggu sukan gwada ta da na'ura kafin su jona, saboda wutar zango ma takan ƙona kaya kamar yadda tamu ke yi. Sai tiyon ruwa, wanda ake ɗaura wa wani ɗan ƙarfe mai rage ƙarfin ruwa don kada bututun cikin mota ya fashe.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi jawo rigima, shi ne bututun ƙazanta. Motar tana da tanki biyu na ruwan da aka yi amfani da shi: baƙi na bayan gida, da toka-toka na wanka da wanke-wanke. Sabon shiga yakan buɗe bakin baƙin tanki ya bar shi a buɗe, yana ganin dabara ya yi. Ruwa sai ya tsiyaye, ƙazanta ta taru ta daskare a ciki. Ƙa'ida ita ce a bar shi a rufe sai ya kusa cika, a sake shi gaba ɗaya, sannan a biyo da ruwan wanka ya wanke tiyon. Abin lura a nan, yadda aka tsara layukan, bututun ƙazantarka yakan faɗo ne daidai inda maƙwabcinka ya kafa teburin cin abincinsa. Don haka ba a wannan aiki lokacin da yake cin abinci. Babu takardar da ta faɗi haka, amma kowa ya sani.

Akwai wata al'ada tasu da za ta ba Bahaushe mamaki. A wurinmu in baƙo ya sauka, tun yana kwance kaya ake yi masa sannu da zuwa, a kawo ruwa, a kama masa. Su kuwa ba a yi wa mutum magana yana cikin ribas ko jone-jone, sai dai in shi ya nema. Hujjarsu ita ce surutu na sa mantuwa, kuma mantuwa ɗaya, kamar barin waigi, tana iya sa tirela ta gangara. Sai ya gama, ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofa, ya buɗe rumfar tamfol, ya fito da kujera ya zauna, sannan maƙwabci zai matso. Fito da kujera shi ne alamar ana iya zuwa. In ƙofa tana rufe, labule a sauke, ba a ƙwanƙwasawa. Ba a kuma ratsa gurbin wani don yanke hanya zuwa famfo, ko da babu shinge, domin wannan ɗan fili shi ne tsakar gidansa. A La Posa har jera duwatsu suke yi a ƙasa, su fitar da iyakar gida da 'yar hanyar shiga.

Karen mota na gaske

A tashoshinmu in an ce karen mota, yaron direba ake nufi. A can kuwa karen mota kare ne mai ƙafa huɗu, yana kujerar gaba, kuma a cikin motar yake kwana. Mu da muka san kare a bakin garke ko wurin farauta ko gadin gida, wannan baƙon abu ne a gare mu, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To amma sai a dubi wanda ke riƙe da igiyar. Sau da yawa tsohuwa ce wadda mijinta ya rasu, 'ya'ya suna wata jiha mai nisan kwana biyu a mota, ita kaɗai cikin daji. Karen nan shi ne mai gadinta, shi ne abokin hirarta, kuma shi ne dalilin da ke fitar da ita waje safe da yamma. A wajen zagayawa da kare ne ake yawan sanin juna, har ta kai mutane kan riƙe sunan karen maƙwabci kafin su riƙe sunan mai shi.

Sai dai kuma wannan karen shi ne kan gaba wajen haɗa faɗa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Dokokin kusan iri ɗaya ne ko'ina: kare ba ya yawo sai da igiya, kuma a wurare da yawa, har da gandun dajin gwamnati, tsawonta kada ya wuce ƙafa 6. Mai kare shi ke kwashe kashin karensa, da leda a aljihu yake yawo. Ba a ɗaure shi a waje a tafi a bar shi. Wasu masu zango suna neman takardar allurar haukan kare tun a ƙofa, wasu suna ƙayyade yawan karnuka, wasu kuma ba sa karɓar wasu jinsuna kwata-kwata, irin su pit bull da Rottweiler, saboda kamfanonin inshora kan ƙi ɗaukar nauyin cizon da suka yi. Don haka mai irin wannan kare tun ta waya yake tambaya kafin ya ƙona mai.

Babbar matsalar ita ce haushi. Kare ya shigo sabon wuri, ƙamshi sabo, ƙara sabuwa, mutane na wucewa dab da taga. Mai shi ya kulle shi a mota ya tafi kasuwa, shi kuwa ya yi ta haushi awa huɗu. Da mai shi ya dawo sai ya tarar da shi shiru yana kaɗa wutsiya, ya rantse karensa ba ya damun kowa, alhali maƙwabta sun sha azaba. Waɗanda suka goge sukan zagaya da karen ko'ina a ranar farko ya sansana wurin ya gaji, su sauke labule, su kunna masa rediyo don ya rufe ƙarar waje, sannan su fara da fita ta minti kaɗan. Mafi muhimmanci, sukan je wurin maƙwabci da kansu su ba shi lambar waya, su roƙe shi in ya ji haushi ya kira su. Wannan mataki ɗaya yana kashe rigima da yawa, domin wanda aka ba amana ba ya saurin kai ƙara ofis. Wanda kuwa aka yi ta kai ƙararsa, mai zango yana da ikon sallamarsa.

Lambar wayar tana da wani amfanin da ya fi wannan. Motar-gida akwatin ƙarfe ce, in wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, cikin ɗan lokaci zafi zai iya kashe dabbar da ke kulle a ciki. Akwai na'urorin da ke aiko da saƙo ta waya in zafi ya hau, amma saƙo ba ya buɗe ƙofa, sai mutum. Shi ya sa za ka ga wanda bai fi mako guda da sanin maƙwabcinsa ba ya nuna masa inda yake ɓoye makulli.

Dajin ma da nasa haɗarin. Akwai wata dabba mai kama da dila da suke kira coyote, wadda ke zagaya zango da dare, kuma ƙaramin kare a wurinta nama ne. Hukumar filayen da kanta tana gargaɗi a kan haka cikin dokokinta. Akwai wata ƙaya mai suna cholla wadda ta fi ƙarangiya naci, in ta kama ƙafar kare da matsefi ake ɓamɓare ta, don in ka sa hannu kai ma ta kama ka. Wajen watan Maris kuma, da ɗumi ya fara, macizai masu ƙararrawa a wutsiya sukan fito.

Dare da sauran dokoki

A La Posa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, kuma yawancin zangon 'yan kasuwa ma kusan haka ne. Janareta shi ne abin faɗa na biyu bayan kare, har ta kai masu sola kan ware gefe guda su yi unguwarsu. Ba a zubar da ruwan tanki a ƙasa, ba a saran itace ko tsintar na wuta a filin, ba a kafa gini, ba a kuma buɗe ciniki sai da izini. A bakin kowace ƙofa akwai masu aikin sa-kai, su ma mazauna mota ne, su ke duba takarda su ba da alamar da ake mannawa a gilashi. Kusan dai aikin sarkin zango suke yi, sai dai ba su da ikon yanke hukunci, jami'an hukumar ake kira.

Ba za mu ce wurin aljanna ba ne. Ana sata, musamman ta janareta da keke, kuma akwai masu zuwa da shaye-shayensu. Mutum yana iya kwana biyu ba lafiya cikin mota ba wanda ya sani, saboda wannan al'ada ta rashin ƙwanƙwasa ƙofa, wadda a nan kam muna ganin ta yi yawa. Su ma sun gane haka, shi ya sa masu zaman kaɗaici kan haɗa ƙungiya su sauka wuri guda. Wani mai suna Bob Wells ya fara tara irinsu a wannan daji a 2011 da mutum 45, kafin shekara 10 taron ya koma na dubbai, ana koya wa sabbin shiga haɗa sola da gyaran mota da yadda ake zama da jama'a.

Su ma suna da tasu kasuwar kan iyaka. Kimanin kilomita 130 kudu da Quartzsite akwai Yuma, kusa da ita kuma akwai wani ɗan garin Meziko mai suna Los Algodones, wanda ya cika da ɗaruruwan likitocin haƙori da shagunan magani da na tabarau. Tsofaffin nan kan ajiye mota a ɓangaren Amurka su taka da ƙafa su tsallaka, domin aikin haƙori a can ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ranar da za a yi wannan tafiya, a hannun maƙwabci ake barin kare, don shigo da shi ƙasar ba a banza ake yi ba. Tun daga 1 ga Agusta 2024, duk karen da zai shiga Amurka sai ya kai wata 6 da haihuwa, an sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an kuma cika masa takarda ta intanet. 'Yan Kanada masu gangarowa da karnukansu duk shekara su ma dokar ta hau kansu. Masu fataucin dabbobi a iyakokinmu ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Tun daga ƙarshen Fabrairu kasuwanni ke fara watsewa, 'yan kasuwa su naɗe rumfa su nufi wani wurin. Zuwa ƙarshen Maris zafi ya fara cizo, sai ka ga ana layi a wurin zubar da tanki, ana musayar lambar waya, ana tambayar juna inda aka dosa. Wasu sukan hau duwatsun arewacin Arizona inda ake samun sanyi, wasu su tafi aikin gadin zango a wata jiha, wasu kuma sai kaka ta yi su shiga aikin girbin gwozar sukari a North Dakota. Ranar 15 ga Afrilu takardar dogon zama take ƙarewa, kuma doka ta ce mutum ya kwashe duk abin da ya zo da shi, har igiyar shanya da turken da yake ɗaure kare.